Ƙorafi kan Awa Huɗu a Gindin Rijiya

Zuwa ga:
Mai Girma Prefe na Gundumar Mayahi,
Jihar Maraɗi.

Daga:
Ɗan Baba Mairijiya, shugaban masu haƙar rijiya,
Zangon Kalgo, komin ɗin Issawane.

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025.

Game da: Takardar binciken Dokta Moctar Bello kan ƙarfin masu haƙar rijiya, da roƙon a dakatar da dokar awa huɗu kafin ranar 17 ga wanga wata.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya dace da kujerarka, ina sanar da kai cewa ni na fara ganin wanga kuskure, tun shekara tara da suka wuce, kafin wani mai tabarau ya gan shi, in ma akwai wanda ya gani har yau. Ban shiga lakol ba, wato makarantar boko. Malam Gazali, direktan lakol ɗinmu, shi ke riƙe da bik yana rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana shi gyara mani magana. Shekarata saba'in da huɗu. Rijiya ɗari da goma sha ɗaya na haƙa tsakanin Issawane da Tasawa. Sau uku ƙasa ta rufta da ni, sau uku na fito da ƙafata. Yunwar 1984 ta same ni a gindin rijiya, ta tafi ta bar ni can. Na faɗi wannan don a san mai magana.

Ga ƙorafina bi da bi.

1. Daga 7 zuwa 19 ga Maris, 2016, wani malamin jami'a mai suna Dokta Moctar Bello ya sauka garinmu. Ya ce aikinsa auna yadda zuciya da huhun mutum ke jure wahala. Lokacin muna haƙa rijiya, mun kai zurfin gaba ashirin da takwas. Ya kawo wani maɗauri baƙi da ake ɗaurawa a ƙirji, mai ƙirga bugun zuciya, ya ɗaura mani, ya rubuta ni a kaye, littafinsa na aiki, da sunan Lamba Bakwai. Daga nan ya koma inuwar zauren maigari, wani lokaci ya tafi Mayahi neman isansin mota. Da la'asar yake zuwa ya karɓi abinsa.

2. Abin da bai tambaya ba shi ne yadda muke aiki. A sana'armu ɗamara ɗaya ce, ta fata, mai layu, wadda na gada wurin ubana. Duk wanda zai sauka shi ke ɗaura ta, in ya fito ya miƙa wa na gaba. Abin da ya sauka tare da ɗamara ya fito lafiya, ba a raba shi da ita har a ga ruwa. Haka muka taras, haka muke yi. Tun ranar farko maɗaurin Dokta ya shiga wanga hukunci. Mu uku ke sauka: ni, da Nasiru wanda yanzu ke saida igiya a kasuwar Mayahi, da surukina Lurwanu, mijin ɗiyata Furera. Kowa guga ashirin na ƙasa yake cikawa, a jawo shi sama ya sha iska. Ba mu aiki da agogo, amma Malam Gazali ya lissafa mani, bai kai minti arba'in ba. Na'urar Dokta kuwa ta rubuta cewa mutum ɗaya ya yi awa huɗu a ƙasa zuciyarsa ba ta raunana ba. Zuciya uku ce, ranka ya daɗe, kowace ta huta sau biyu kafin ta koma.

3. Akwai kuma wani allo da ya riƙa nuna mana da yamma, mai fuskoki tun daga mai murmushi har mai kuka, wai kowa ya nuna gajiyarsa. A gaban surukina aka tambaye ni. Wane dattijo zai nuna fuskar kuka surukinsa na tsaye? Na ɗora yatsa kan mai murmushi. Lurwanu ya ga abin da na nuna, shi ma ba zai kunyata kansa gaban uban matarsa ba, ya nuna ita. Kwana goma sha uku muna nuna murmushi, alhali in na koma gida hannuna ba ya iya kai loma baki.

4. Ranar 19 ga Maris, yana loda kaya a mota, Dokta ya karanta wa jama'a awa huɗun nan, aka yi ta tafi. Nan take na gane abin da ya faru. Na matsa kusa da shi na ce mashi ɗamarar ta zagaya mu uku. Ya dafa kafaɗata ya amsa da cewa tawali'u ne irin na manya, kuma na'ura ba ta ƙarya. Sau ɗaya na faɗa. Ban sake ba, kuma a nan nawa laifin yake, a rubuta shi yadda na faɗe shi. An fara kirana Mai Awa Huɗu a kasuwar Issawane, maroƙa suka sa a kirari, ni kuwa abin ya yi mani daɗi. Da ƙarfina na gaskiya ma babu kamata a ƙasar nan, amma na karɓi na ƙarya na ɗora a kai.

5. A shekarar 2018 ya buga takardarsa a wata mujallar malamai ta ƙasar waje, da hotona ina riƙe da dagin haƙa. Malam Gazali ya nemo mani ita cikin salula. Ya ce daga kan wannan ɗaya Dokta ya haifi wasu takardu tara, an ƙara mashi girma ya zama farfesa. Ya kuma nuna mani wata lamba a gefen sunansa, 412 a ranar 20 ga Janairun bana. Na tambayi ma'anarta. Ya ce malamai ɗari huɗu da goma sha biyu ke nan a duniya da suka kafa hujja da maganarsa cikin nasu rubutun, kuma da wannan lamba ake auna darajar malami a wurinsu. To ni na san awo. In tiyar farko ta yi ƙarya, duk buhun da aka cika da ita ƙarya ne, ko buhu ɗari huɗu ne. Cikin mutanen nan babu wanda ya taɓa leƙa rijiyar gaba ashirin da takwas, babu wanda ya san yadda fitila ke mutuwa a can ƙasa ba tare da an hura ta ba.

6. A shekarar 2023 wani kamfanin haƙar rijiyoyi da ke samun aiki a gundumomin Tasawa da Mayahi ya kafa doka a shantiye ɗinsa, wato wuraren da yake haƙa: mai haƙa zai yi awa huɗu a ƙasa kafin a canja shi. Patoron, mai kamfanin, ya ce ilimi ne ya tabbatar mutanen ƙasarmu jikinsu ya saba, ya kuma nuna hotona. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, a wani ƙauye na komin ɗin Maijirgi, Lurwanu ya sauka rijiyar kamfanin da hantsi. Waɗanda ke bakin rijiya sun shaida mani ya girgiza igiya sau biyu, alamar a jawo shi, aka leƙa aka ce mashi da sauran lokaci. Bayan awa biyu da rabi guga ya daina tahowa. Da aka jawo shi, ya riga ya cika. Ni na wanke shi. Ya bar Furera da 'ya'ya biyar. A takardar da kamfanin ya rubuta an ce yana da raunin zuciya, bai kai sauran mutanensa ba. Mutumin da kashi ɗaya cikin uku na awa huɗun nan bugun zuciyarsa ne, shi aka rubuta wa haka.

7. Ranar 2 ga Yuni da ranar 11 ga Satumba, 2024, mun aika wa Farfesa saƙo ta hannun Malam Gazali. Na farko bai amsa ba. Na biyu ya amsa da layi uku: yana mana ta'aziyya, manyan malamai sun tantance aikinsa kafin a buga, kuma yawan masu kafa hujja da shi ya isa shaida. Tun daga ranar da muka binne Lurwanu zuwa yau, lambar nan ta ƙaru da talatin da ɗaya.

8. Ranar Litinin, 17 ga wanga wata, kamfanin zai buɗe sabon shantiye a arewacin Issawane, cikin ƙasar da ke ƙarƙashin ikonka. Ɗana Salifu na cikin waɗanda aka rubuta. Na hana shi, ya ce hatsin bana bai kai wata uku ba, ga gidansa ga na ƙanwarsa Furera duk a wuyansa. Ya kuma ce in ubansa ya yi awa huɗu, shi ba zai zama na farkon da zai girgiza igiya ba. Na faɗa mashi gaskiya, yana ganin tsoro ne ya kama ni da tsufa. Shekara tara yana jin kirarin, yanzu takarda ya yarda da ita, ba bakina ba. Shi kaɗai ne namiji da ya rage mani.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Prefe:

a) Ya ba da umarnin dakatar da dokar awa huɗu kafin ranar 17, a koma guga ashirin, a kuma riƙa saukar da fitila kafin mutum.

b) Ya sa a kira ni da Nasiru a biro, ofishinsa, a ɗauki shaidarmu a rubuce tun muna da rai.

c) Ya rubuta wa jami'ar da Farfesa ke aiki, a janye takardar ko a gyara ta, a kuma sanar da mutum ɗari huɗu da goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya. Tunda an iya ƙirga su, an san inda suke.

d) A goge kalmar raunin zuciya daga kan sunan Lurwanu.

Ina roƙon gafara in harshena ya yi kaifi a wani wuri. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da kujerar nan da mutunci.

Wanda duk ke shakkar maganata, farfesa ne ko patoron ko ɗaya daga cikin ɗari huɗun, rijiyar 2016 tana nan bayan garinmu, ɗamarar tana rataye a ɗakina. Ya zo ranar da ya ga dama kafin 17 ga wata. Ni zan ɗaura mashi da hannuna, ni zan riƙe igiya, Mai Girma Prefe ya riƙe agogo. In ya cika awa ɗaya bai girgiza ba, a yaga wagga takarda tawa a gabana. In ya girgiza, zan jawo shi nan take, don ni ba na ce wa mutum da sauran lokaci.

Naka mai biyayya,

Ɗan Baba Mairijiya
(dangwalen babban yatsan dama)

Wanda ya rubuta kamar yadda aka faɗa mashi: Gazali Hashim, direktan lakol, Zangon Kalgo.