Kabarin Da Ka Nuna Ba Na Mma Ba Ne

Zuwa ga ƙanena Ɗanladi, wanda a yau ake kira Sanata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ya da ƙaninta, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Na rubuto a fili ne domin lambarka ta daina sada ni da kai. Yaranka ke ɗauka, su ce Mai Girma yana taro.

Na ga bidiyon kamfen ɗinka. Kana durƙushe gaban wani kabari a ƙauyen kakanninmu, can Nijeriya, kana cewa nan mahaifiyarka take kwance. Na san dalili. Abokan hamayyarka suna yawo da maganar cewa kai ɗan Gana ne, baƙo, bai kamata ka koma majalisar dattawa ba, ga zaɓe ya matso.

Ɗanladi, ni na yi wa Mma wanka. A maƙabartar Tafo take, nan Kumasi. Kai ne ka fara zuba ƙasa.

A ɗakin baya na gidanmu na Zongo aka haife ka, ran Lahadi, shi ya sa wata 'yar ƙabilar Asante mai sayar da gawayi take kiranka Kwasi, wato Ɗanladi a yarensu, har ka yi gemu. Mma tana soya ƙosai da asuba, kai kana cin ɓaɓɓake. Ranar da kawu ya zo ɗaukarka zuwa karatu a gida Nijeriya, ta riƙe ƙofar motar ta ce, "Ka gaya musu ɗan wa kake."

Na bi tafiyarka duka. Malamin makaranta, kansila, majalisar jiha, sannan wannan kujera. Da ka faɗi zaɓe na yi azumi. Da kotu ta mayar maka, na raba waina a layinmu. Ban taɓa neman ko rigar sallah a wurinka ba, kuma ka sani. Na koyar, na shugabanci makaranta, fanshona ya ishe ni.

Makon jiya mutanenka suka zo. Suna so in hau jirgi, in tsaya gefenka a filin taro, in shaida kabarin. Shekaranjiya kuma 'yan ɗaya ɓangaren suka iso da kyamara, an rako su daga unguwar Adum, suna so in kai su Tafo. Duka na ba su ruwa, na sallame su. Na biyun sun ce za su dawo Juma'a, kuma Zongo ba ta rasa wanda zai nuna musu hanya ba.

Shi ya sa na riga su. Ubanmu ɗan Nijeriya ne, daga yankin da kake wakilta, goro ya kawo shi Kumasi, ba laifi ba. Wannan ya isa hujja, da ka tsaya a kai. Mai yiwuwa wasiƙar nan ta ci maka kujera. Na auna haka, na kuma ci gaba da rubutu.

Ɗan Mma, ban daina sonka ba. Abu ɗaya nake roƙo: ka binciki wadda ke cikin wancan kabari. Tana da suna, wataƙila tana da 'ya'ya da suka kalli bidiyon nan suka yi shiru don tsoronka. Ka je da ƙafarka ka nemi gafararsu.

Allah Ya jiƙan Mma, Ya jiƙan baiwar Allah da ka ara, Ya ba ka abin da ya fi alheri, ko da ba kujerar ba ce.

Yayarka,
Rakiya
Zongo, Kumasi