Injin Sama'ila

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Sama'ila abokina ya dawo daga aikin katako a daji, ya kawo mini wani magagari mai kusurwoyi, ba zagayayye irin wanda nake wasa sarƙar injin yankan itace da shi ba. Ya ce kusurwar magagarin ta sauka daidai kan kusurwar haƙori, in ta kauce ko kaɗan an ɓata. Na ɓata haƙoran farko. Ya yi dariya, amma dariyar ba irin tasa ba ce. Ya rame.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Hannuna ya fara ganewa. Na gwada a kan guntun maɗaci bayan shago, injin ya shige kamar cikin sabulu. Har na ji tsoro. Sama'ila ya ce a can ana son sarƙar da za ta gama da wuri, don ba wurin daɗewa ba ne. Na ce wa ke ba su izinin shiga? Ya ce, "Ubaidu, kai dai yi wasarka."

Talata, 15 ga Afrilu

Sun koma. Alhaji Auwal mai motar katako ya zo har unguwarmu Kinkinau ya ɗauke shi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Wayarsa a kashe. Atika matata ta ce in daina taɓa aikin mutanen nan. Na ce mata ni ƙarfe nake gogawa, ban sare bishiyar kowa ba. Ta kwashe kwanuka.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Bayan masallaci Alhaji Auwal ya ajiye mini injuna a wasa. Ɗaya na Sama'ila ne, na san shi da jar wayar da ya ɗaure mariƙin. Sarƙar ta dakushe sosai, kamar an jefar da shi ƙasa yana aiki. Na ce ina mai shi?

"Yana ciki, aiki ya riƙe shi."

Sama'ila ko fitsari zai je ba ya barin injin nan.

Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce duk garin nan ni kaɗai na iya wannan wasa yanzu. Yanzu, ya ce.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na kasa cin abinci. Na wasa biyu, ban taɓa nasa ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Indo matar Sama'ila ta zo shago da goyo. "Malam Ubaidu, ko ka ji wani abu?" Na ce ban ji ba, a ci gaba da addu'a. Injin yana ƙarƙashin benci, na rufe shi da buhu, ƙafarta har tana taɓa shi.

Da ta tafi na fito da shi na wasa. Ban taɓa yin wadda ta kai ta kyau ba, kowane haƙori daidai. Alhaji zai aiko a ɗauka gobe.