Sun Ja Keken, Yaya

Yaya Abdulbaƙi,

Kada ka nemi Keke Napep ɗinka a ƙofar gida, yana hannun masu kula da titi. Jiya da la'asar ina dawowa daga Takur na ga an ɗauko gawa, masu rakiya 'yan kaɗan ne. Na kasa wucewa. Na ajiye keken a bakin hanya, na kama makara har maƙabarta. Kafin in dawo sun ja shi, wai wurin ba a tsayawa.

Dubu ashirin suka yanka mini tara, kuma duk kwanan da ya ƙara a wurinsu kuɗin na hawa. Na je ofishinsu na roƙa, na ce jana'iza na bi. Ogansu ya ce kowa haka yake faɗa, in faɗi sunan mamacin. Wallahi ban sani ba, Yaya, ban tambaya ba. Suka yi ta dariya.

Yanzu zan fita neman gidan makokin, ko wani zai zo ya shaide ni. Ban sa rai ba. Wa ya kalli fuskata a maƙabarta?

Ka yi haƙuri. Kada ka gaya wa Inna tukuna, akuyarta za ta ce a sayar.

Maharazu