Tulun Georgette da Ƙudajen Bazara

Zuwa ga Yaya Rabi'atu, mai filin shawarwari,

Don Allah don Annabi ki agaza mini kafin Juma'a ta sama, in ba haka ba ƙuda zai kashe auren ɗana. Na san za ki yi dariya. Yi abinki, ni ma da a gidan wata abin ya faru da sai na riƙe ciki. Da hannuna na rubuto, sai ki yi haƙuri da rubutun. Ban kai wa masu rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ba, don su kafin tawada ta bushe labari ya isa babbar kasuwa. Sunayen da za ki gani duk na aro ne.

Ni mazauniyar Garuwa ce, maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ina sayar da goro da atamfa daga cikin gida, sana'ar da kakanninmu suka zo da ita daga Kano. Tsabta kuwa ba yabon kai ba, ko mutanen ijiyan, duba-garinmu na nan, in sun shigo gidana leƙa randa kawai suke yi su fita suna jin haushin ba su samu abin tara ba.

To tun da zafin bana ya kankama, zafin nan namu da ko Binuwai sai ta ja da baya ta bar yashi, waɗansu ƙudaje suka sauka a gidana. Ba baƙin ƙudan mahauta nake nufi ba, wannan ɗan gida ne, mun saba. Ƙanana ne masu jan ido, ba su kai ƙwayar gero ba, irin masu bin ɓawon mangwaro. Suna cikin kunu, suna cikin shayi, suna kan carbi. Na yi hamma rannan na haɗiye biyu, har yau ban san ko halal ne ba. Ina sujada suna neman hanyar hancina. Kai, har hoton babban mutumin nan da kowa ya rataya a bango ba su raga masa ba, sun jeru a kan hularsa kamar masu shirin faretin ranar ƙasa ta ashirin ga Mayu.

Babu abin da ban yi ba. Na sayo maganin feshi na kanti, na fesa har kaina ya yi ciwo, na share gawarwaki, gari na wayewa ga 'ya'yansu sun zo ta'aziyya. Na saka turaren wuta, suka ɗauka biki ake yi. Na zuba barkono a kasko, ni da kajina muka fito tsakar gida muna tari, su ko gezau. Na karɓo rubutu wajen malam na yayyafa a kusurwoyi, wallahi sha suka yi suka ƙara ƙiba. Na hana mangwaro shigowa gidana, ni da nake shan mangwaro kamar zan mutu a kansa.

Bari dai in daina kewaye-kewaye. Na san inda suke fitowa.

Maƙwabciyata Georgette, katanga ɗaya ce tsakaninmu. 'Yar duwatsun Mora ce, Kirista, kuma sana'arta dafa bilbil, burkutun nan na dawa. Ban taɓa sha ba, ban taɓa saya ba, ita ma ba ta taɓa yi mini tayi ba. Amma shekarar kwalara ita ta goya ni a bayanta har asibiti, lokacin da dangina ke leƙowa daga zaure suna toshe hanci. Da na tafi Marwa jinyar uwata wata da watanni, wajenta na bar tasoshina da 'yan kunnen zinarina, don na san halin ƙannen mijina. Na dawo ko cokali bai yi ciwon kai ba.

Da babanta ya rasu za ta tafi gida makoki, sai ta kawo mini wani babban tulu an liƙe bakinsa da laka, ta ce in ajiye mata, kada in buɗe, kuma ko da wasa kada mijinta Théodore ya san yana wurina. Yaya Rabi'atu, kin san tarbiyyarmu. Uwata ta ce mai karɓar ajiya ba shi da ido ba shi da baki. Ban tambaya ba. Na kai shi inda mace ke kai abu mai daraja, wato uwar ɗakina, bayan jeren kwanuka, dab da gadona. Ta ce ba za ta daɗe ba. Ashe makokinsu na dutse ba irin namu ba ne, har yau shiru.

Zafi ya tsaga lakar. Tulun yanzu huci yake yi, wani lokaci har da 'yar guna-guni kamar tsohon da aka hana taba. Wani tsami-tsami ya kama labulena da mayafina. In na fita unguwa ƙudajen rakiya suke yi mini. Wata maƙwabciyarmu mai bakin reza ta riga ta faɗa a gidan suna, wai ita dai a saninta irin wannan ƙuda gidan bilbil kaɗai yake taruwa, amma Allah ne masani. Kin san in an ce Allah ne masani an gama da kai ke nan.

Ga inda gizo ke saƙar. Autana Halliru, direban kamfanin auduga, yana neman 'yar wani modibbo, babban malami Bafulatani mai tsantseni wanda ko rediyo ba ya bari a kunna a gidansa. Da ƙyar da siɗin goshi aka kawo maganar inda take, don da farko ma cewa suka yi mu baƙi ne, mu da aka binne cibiyar iyayenmu a garin nan. Yanzu goggon yarinyar ta aiko za ta zo Juma'a ta sama ta gaishe ni. Gaisuwar me? Duba gida za ta zo yi, kuma ɗakina za a shimfiɗa mata tabarma. Halliru yana hanyar Ngaundere da kaya, bai san komai ba. Yaron nan ya rame a kan yarinyar nan, in aka fasa ta dalilina ban san da wane ido zan dube shi ba.

In na buɗe tulun na ci amana, kuma in na ga giya ce to na sani ke nan, alhali yanzu ban sani ba, zato kawai nake yi. In na fitar da shi da rana, kartiye duka, unguwarmu kaf, shaida ne. In na bari sai sawu ya ɗauke, jandarma ya tare ni da tulu a ka, me zan ce masa? In na ba Théodore, har tulun zai haɗa ya shanye. In na zubar, da wane baki zan gaishe da matar da ta goya ni? Ni dai ki ba ni maganin ƙuda wanda zai kashe su shiru, tulu na nan inda yake, goggo ta zo ta tafi lafiya.

Taki cikin damuwa,
Wadda Ƙuda Ke Yi Wa Rakiya, Garuwa

*

'Yar'uwa mai rakiya,

Na yi dariyar, na gode da izini. Batun hoton bango kuwa ban gani ba, ban karanta ba, ke ma ba ki rubuta ba.

Maganin da kike nema babu shi, ko a kantin Turawa. Ƙudan nan a cikin abu mai tsami yake ƙwai, kuma da zafi irin wannan 'yan kwanaki kaɗan sun ishe shi ya ƙyanƙyashe ya tashi. Feshi iyaye yake kashewa, 'ya'ya suna cikin tsagar laka suna jiran gado. Muddin tulun na ɗakinki, kuɗin maganinki sadaka ce kike yi wa mai kanti.

Na jinjina miki a kan amana, ba kowa zai kwana da tulu mai huci saboda maƙwabciya ba. Amma ki bar ce mini ba ki sani ba. Hancinki ya sani, mayafinki ya sani, ƙudaje ma sun sani. Ba ki tambaya ba ne don kin san amsar. Georgette ma tana da nata laifin, ta san gidan da ta kawo kayanta, ta kuma san wata nawa zafi ke yi. Sai dai mai makokin uba ba a yi masa lissafi da tsanani. Ki kuma sani ajiyar da ke lalacewa a hannunki ba riƙe ta kike yi ba, gadin asara kike yi. Abin da ke cikin tulun nan ya daɗe da wuce sha, ko Théodore sai ya yi shawara.

Gobe da hantsi ki aika a kira babbar matan cocinsu Georgette, ko 'yar'uwarta in tana da ita a gari. Ki damƙa musu tulun a rufe yadda aka ba ki. Su ɗauka da kansu, da rana tsaka, ta ƙofar zaure, ke kuma ki rako su kina faɗa da ƙarfi cewa ajiyar Georgette ce zafi ya fasa. Ki tabbata mai bakin reza ta ji, ita za ta yi miki shelar kyauta. Abin da aka fitar a ɓoye shi ke zama abin kunya. Sannan ki ba direban motar Mora saƙo ya kai wa mai tulu, har da gaisuwar ta'aziyya.

Bayan nan sai yaƙi. Ki kankare ƙasar da tulun ya jiƙa ki zuba toka. Ki wanke labule da mayafi ki shanya a rana. Ki kwarara tafasasshen ruwa a makwararar wanke-wanke da gindin randa. Ƙullu da jiƙon tsamiya da ƙwaryar nono duk a rufe su ruf. Ragowar masu yawo kuwa, ki zuba ruwan tsamin kamu a kwalba, ki ɗiga ruwan sabulu kaɗan, ki naɗe takarda kamar mazurari ki sa a bakin. Za su shiga, ba za su fito ba. Mangwaro ba shi da laifi, ki sha abinki, ɓawon dai a ba awaki nan take.

Halliru na sauka daga mota ki faɗa masa komai, aurensa ne, kada ya ji a tasha. Goggo kuma kada ki jira ta shinshina. Kina ajiye mata ruwa ki ba ta labarin da bakinki, tun daga shekarar kwalara. Ba zan yi miki alkawarin modibbo zai ji daɗi ba, yana iya ɗaure fuska, yana iya ja da baya, kuma in ya ja za ki ji zafi. Amma in kika ɓoye aka gano bayan an ɗaura, yarinyar ce za ta sha gorin har ta tsufa.

Ki tuna abin da goggo za ta zo dubawa. Ba labule ba ne. 'Yarsu za su ba ki ajiya, suna so su ga hannun da za ta faɗa. A nan kina da abin nunawa. Sai dai in Allah ya sa an kawo ta, kada ki yi mata riƙon tulu, ki kai ta ɗaka ki rufe ido ki rufe baki har sai ta fara huci. Ita ki riƙa tambayarta abin da ke cikinta.

Allah ya kore miki ƙuda, ya dawo da Georgette lafiya, ya nuna mana ranar ɗaurin auren Halliru.

Rabi'atu