Idon Sabuwar Kyamara da Fuskar Surukata

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin hoton da nake wa aiki, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata baki ɗaya. Ranka ya daɗe, ni ne wakilinku mai bin kasuwanni da babur daga Bebeji zuwa Tudun Wada har Riruwai, tun shekarar canjin kuɗi. Na aiko da saƙo ta hannun direban da ke karɓar fim, na kuma zo da ƙafata aka ce kana taro. Shi ya sa na kawo maganar a shafin jarida, ba don raini ba.

1. Da farko, mun gode da sabuwar kyamarar da kuka raba mana. Ba ta da nauyi, abin da mutum ya leƙa ya gani shi ke fitowa a takarda, kuma ana iya kwance gilashinta na gaba, wanda muke ce wa ido, a ɗaura wani. Sai dai ido ɗaya kuka ba mu, mai faɗi. An ce kun zaɓe shi ne don yana kwashe taron biki ko ƙungiyar ƙwallo gaba ɗaya. Tsohuwar kyamarar kuwa, mai dogon ido, ranar aka karɓe ta aka kai sito.

2. Ba a tambaye mu abin da muke ɗauka a ƙauye ba. Yawancin aikina hoton fasfo ne, kuma da yawa na matan aure ne da tsofaffi a cikin gidajensu. Da dogon ido, a bakin zaure nake tsayawa, maigida na gefena, a rataya farin zane can tsakar gida, matar ta zauna, in ɗauka in yi sallama. Wannan nisan shi ya buɗe mini gidaje. Sabon idon kuwa, kafin fuska ta cika hoton sai na matsa har ina jin numfashin mutum. Kuma bayan duk wannan, hanci ya kumbura, kumatu su gudu baya. Wani dattijo a Kiru ya dawo mini da hotonsa yana tambaya ko ya taɓa yi mini wani laifi.

3. Yanzu ga abin da ya shafe ni. Mahaifiyar mai ɗakina, wadda ba zan rubuta sunanta ba, kun san dalili, ta sayar da bijimanta ta biya kujerar Makka bana. Bafillatana ce, a wata ruga kusa da Riruwai. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe ta, ita ma ta amsa tana kallon ƙasa. Idan ta hango ni a hanya sai ta ratse cikin gona. Haka muke, kuma ba mu taɓa jin cewa mun rasa wani abu ba.

Da aka nemi hotonta, ni aka kira, tunda ni ne mai hoton gida. Aka rataya zane a jikin bukka, ta zauna. Na tsaya inda ya kamata suruki ya tsaya na leƙa, sai ga bukka, ga shanu, ga dutsen Riruwai, ita kuma can a tsakiya kamar ƙwayar wake. Na fara matsawa. Ina kusantarta ta ja mayafi ta rufe fuska, yayyen matata suka sulale suka bar wurin. Ni ma na ja na tsaya. Da aka lallashe ta ta buɗe, sai ta kau da kai, ni ma na kau da nawa na danna. Abin da kuka wanko kuka aiko mini, kunne ne da rabin mayafi.

4. Ban zauna ba. Na sake ɗaukarta daga nesa na ce ku ƙara girman fuskar, ta fito dishi-dishi, masu karɓar takardun maniyyata suka ce ba za a gane ta ba. Na miƙa wa mai ɗakina kyamarar, ita da ba ta taɓa saita ido ba, ta matsa ta ɗauki mahaifiyarta, sai kusancin ya ba tsohuwar hancin da ba nata ba. Wannan ma suka dawo da shi.

5. Za ku ce a kai ta Kano wani ya ɗauke ta. An gaya mata haka. Amsar da ta aiko ta bakin 'yarta ita ce, surukinta mai hoto ne, duk yankin an sani. Idan aka ji ta hau mota ta je wurin bare, ta tona masa asiri ke nan, za a ce bai iya sana'arsa ba. Ta ce gara ta haƙura da tafiyar, Wanda ya kira ta ya san fuskarta ba sai da hoto ba. Wannan magana ta yi mini ciwo, kuma har yau ban san inda zan ajiye ta ba.

Saboda haka nake roƙo, Ranka ya daɗe, a sayo wa wakilan ƙauye dogon ido wanda bakinsa ya dace da sabuwar kyamara, a bar mana mai faɗin don ranar biki. Nan gaba kuma in za a zaɓa, a tambayi masu shiga zaurukan mutane. Na san wannan zai ɗauki lokaci, ga shi za a rufe karɓar hotuna kafin azumi. Don haka a ara mini tsohuwar kyamarata ta yini ɗaya, in dawo da ita da hannuna. Surukar tawa ta yarda za ta sake zama sau ɗaya, muddin zan tsaya can bakin garke.

Allah ya ƙara wa kamfani albarka, ya ja zamaninka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Allah ya kai ka ɗakinsa mai alfarma kai da iyayenka. Ita ma abin da take nema ke nan, kuma abin da ya tsaya tsakaninta da shi yana cikin sitonku.

Wassalam.

Naku,
Wakilinku na kudancin Kano