Hannun Hagun Agali

Dakwaro, 9 ga Maris 1954

Zuwa ga tsohon ɗalibina Agali ɗan Abarci, a birnin Kazabalanka.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, takardarka ta iso, ko da yake ba ka sa mata kwanan wata ba, abin da na koya maka tun a lakwal, makarantar boko. Na karanta wa mahaifinka ita. Ya fahimci ka bar soja, kuma yanzu sana'arka wasan Amurkawan nan ne, besbol, inda kake jefa ƙwallo don mai kulki ya kasa bugunta. Ya tambayi hannun da kake jifa da shi. Ban iya ƙarya ba, na ce hagu. Ya ce ba zai sa albarka ga abincin da hagu ta nemo ba.

Ka huta lafiya.
Sha'ibu, tsohon malaminka

Kazabalanka, 2 ga Mayu 1954

Malam Sha'ibu, ina gaisuwa da ladabi, ina gaida Baba.

Shekara uku kuna ɗaure mini hannun nan a aji, bai mutu ba. Nan bahago ake nema, don ƙwallonsa tana zuwa ta gefen da mai kulki bai saba ba. Ranar Lahadi aka yi wasan ƙarshe na shekara. Sau ashirin da tara aka tsaya gabana da kulki, sau biyu kaɗai aka samu bugun ƙwallona. A kafaɗa aka fitar da ni daga fili. Amma na gaya wa mai horar da mu, in Baba bai yarda ba, zan ajiye in dawo kiwo. Ku faɗa masa da dama nake ci, da dama nake gaisawa.

Ɗanku, Agali

Dakwaro, 6 ga Yuni 1954

Agali, bayan gaisuwa.

Na iske mahaifinka a rijiyar Badar Gula yana shayar da raƙuma. Na shaida masa cewa ɗaurin da na yi wa hannunka kuskure ne, sannan na karanta takardar. Sai ya sa na maimaita lissafin wasan. Ya ce: "Malam, rubuta masa, Allah ya yi wa hannun albarka. Kada ya dawo mini kiwo, ya ci gaba da jifa."

Ranar kasuwa ya tara dillalan dabbobi yana faɗa musu ka kunyata Amurkawa arba'in. Sau uku ina gyara masa, ya ce in yi shiru.

Wassalam.
Sha'ibu