Sunana a Kan Dutsen Babanki

Layin Nogal, Texas
9 ga Oktoba

'Yata Arlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki da yara. Ya tarin ƙaramin? In har yanzu yana yi, ki dafa masa kirfa da zuma. Ni lafiyata lau, zama ne kawai ya gagare ni. Tun da babanki ya rasu nake share inda na riga na share, in ɗora tukunya in sauke, in fita ƙofar gida in dawo ban san abin da ya fitar da ni ba.

Ranar Lahadi aka kafa dutsen kabarinsa. Gwaggonki Loretta ta ɗauke ni a motarta, muka shiga ta ƙofar Turawa. Maƙabartar tana nan yadda kika san ta, shingen waya a tsakiya, su da ciyawarsu a aske kamar kan soja, mu 'yan Meziko da furannin roba da kyandir. Kowa ya ce wayar ta daina aiki tun tuni, amma ban ga wanda ya cire ta ba.

Dutsen na mutum biyu ne. Hagu an rubuta Orval Tackett. Na duba dama sai ga ni: Minnie Tackett, da shekarar haihuwata, an bar ɗan fili ana jiran in cike. Minnie, Arlene. Sunan da kakarki ta laƙaba min ranar da aka kai ni gaishe ta, wai Herminia ya yi wa bakinta tsawo, matar da ke jero sunayen magungunanta ko numfashi ba ta yi. Na amsa shi shekara da shekaru don a zauna lafiya. Amma a baki daban, a kan dutse daban. Loretta ta tsare ni da ido tana jiran godiya, na ce mata dutsen yana da ƙyalli.

Daga inda nake tsaye ina hango kabarin Mama ta cikin wayar, da filin da ke gefenta, wanda ɗan kawuna Eusebio, shugaban ƙungiyar jana'izarmu, ya daɗe da cewa nawa ne. Ke za ki binne ni, shi ya sa nake gaya miki. Ina son babanki, amma ban yarda in kwanta cikin dangin Tackett da sunan aro ba. Yanzu dai hankalina ya fi karkata wajen Mama.

Ki shafa min kan yara.

Mamanki,
Herminia

Layin Nogal
3 ga Nuwamba

'Yata Arlene,

Ina gaishe ki, da fatan sanyin garinku bai takura muku ba. Na ga saƙonki. Kin ce dutse ne kawai, kada in sa a raina. Haka babanki yake magana, har na ji muryarsa, na yi dariya, sannan na ji haushinku ku biyu.

Jiya Ranar Matattu. Gefenmu ya cika maƙil, ana kiɗa, ana cin abinci a kan kaburbura, yara na guje-guje. Na kai wa Mama nata, sannan na zagaya ta titi na kai wa babanki tamale, alalar masarar nan mai barkono, da yake ci yana hawaye yana cewa a ƙaro. Ban gama jera furanni ba mai kula da wurin ya zo, cikin ladabi kuwa, ya ce dokar kwamiti ta hana abinci da fure a ƙasa, suna tare injin yankan ciyawa. Na kwashe kayana kamar wadda aka kama tana talla a ƙofar coci.

Da kwanon a hannuna na wuce gidan Loretta. Na zazzage mata komai. Na ce sun karɓe mijina, sun hana shi abinci, sun kuma yanke min suna ba tare da wani ya tambaye ni ba. Ta bar ni na gama, ta zare tabarau ta ajiye, ta ce ba ita ta sa a yi dutsen ba. Babanki ne ya je da ƙafarsa wajen mai sassaƙa, bayan likita ya gaya masa gaskiya. Ta ce ita ma ta tambaye shi dalilin Minnie, ya ce da sunan ya saba kirana, in ya kira a can yana so in waiwayo.

Ban gama haɗiye wannan ba ta ƙara min wani. Ta ce, "Kuma ba nan ya so kwanciya ba. Gefenku ya fara nema, kusa da mahaifiyarki, don kada a raba ku. Mutanenku ne suka ce a'a."

Na ce ƙarya take yi. Ta ce in tambayi Eusebio. Ta ce Orval ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa min ba, wai kada in ɓata da dangina saboda shi. Can ta buɗe kwanon ta ɗauki tamale ɗaya, matar da ko tattasai ba ta iya ci, ta cinye shi tana tari tana share ido.

Tun da na dawo nake kai da komo tsakanin ɗaki da kicin. Gobe zan je wajen Eusebio.

Mamanki,
Herminia

Layin Nogal
8 ga Nuwamba

'Yata Arlene,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi.

Na samu Eusebio a ƙarƙashin motarsa. Ya fito yana goge hannu yana tsokanata da matar Bature, yadda ya saba, sai ya ga fuskata ya daina. Bai musa ba. Ya ce sun zauna a kan maganar, kuma shi ma yana cikin waɗanda suka ƙi. Ya tuna min da wansa Nicanor, da aka dawo da shi daga yaƙi cikin akwati da tuta a kai, Turawa suka hana shi gefensu, aka shigo da shi ta ƙofar baya. Ina wurin ranar, ban manta ba.

Ya ce, "'Yar'uwa, Orval mutumin kirki ne. Amma wurin nan kaɗai ne a garin nan da Turawa ma za su roƙa a ce musu a'a."

Na tambaye shi wa ya ja musu famfon da suke shayar da furannin matattunsu, in ba Orval ba. Na tambaye shi wa ya ɗauki akwatin gawar mahaifiyarsa tare da shi. Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani. Abin da ya fi ci min rai shi ne na fahimce shi, kuma duk da haka na ji kamar in kwaɗa masa jakata. Babanki ya koyi yarenmu yana gwaranci ana masa dariya, ya tsaya a gabansu da ciwo a jikinsa ya roƙi ƙasa, suka sallame shi, ya dawo gida ya ci abincin rana bai ce min uffan ba.

To ga abin da na yanke, ki riƙe. Gefen babanki za ki sa ni. Na gaya wa Eusebio ya ba wani filina. Na kuma je wajen mai sassaƙa, na ce ya bar Minnie yadda Orval ya sa, ya rubuta Herminia Arredondo Villarreal a ƙarƙashi. Ya ce zai yi tsawo, na ce ko zai zagaya bayan dutsen ya rubuta. Loretta ta ce ita za ta ji da kwamiti, tana ta maimaita sunan a mota har ta kusa iyawa.

Abu ɗaya ya rage, shi ke hana ni zama. Ban gaya wa Mama ba. Na je wurinta da safen nan, na share, na canza ruwan fure, na ba ta labarin tarin ɗanki da tsadar nama da auren jikar maƙwabciyarmu. Filin yana nan gefenta, ciyawa ta fara fitowa. Na buɗe baki ya fi a ƙirga, na tashi ban faɗa ba. In kin zo Kirsimeti ki raka ni. Ke za ki fara maganar, ta fi jin taki.

Allah ya tsare min ku.

Mamanki,
Herminia